KUNDIN ZANE DA RUBUTU: RUMBUN MAI FASAHA A LOKACIN BAZARA



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan wata al'ada wadda ta daɗe a tsakanin masu zane na ƙasashen Turai da Amurka, har ta bazu zuwa ga mutanen da ba zane ne sana'arsu ba. Al'adar kuwa ita ce mutum ya tanadi littafi guda mai fararen shafuka, ya riƙa shigar da abin da ya gani da abin da ya same shi a kowace rana, da rubutu da zanen fensir da fenti da tawada, har da guntayen abubuwan da yake liƙawa da gam, kamar tikitin jirgi ko kan sarki ko yankin jarida ko busasshen ganye. Duk waɗannan sukan taru a shafi ɗaya, wani a kan wani. A cikin wannan lacca za a kira irin wannan littafi kundin zane da rubutu.

An ari kalmar kundi ne daga wajen malaman zaure, domin su ma suna da tarin takardu inda suke adana addu'o'i da hatimai da magunguna da ranakun haihuwa da na rasuwa, wani wuri da baƙar tawada, wani wuri da ja. Manufar kundin malami daban take da ta kundin mai zane, amma sun yi tarayya a abu guda, watau kowannensu mai shi ya tara shi ne sannu a hankali domin amfanin kansa, ba domin a buga a sayar ba.

Abin da laccar za ta yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne cewa wannan kundi rumbu ne. Mai shi yakan cika shi a lokacin da ya sami sarari, sa'an nan ya yi ta ɗiba a sauran kwanakin shekara, wani ma har iyakar rayuwarsa. Lokacin sararin nan kuwa, a wajen Turawa, shi ne bazara.

Bazarar Turai

Wajibi ne a fara warware wani ruɗani. Bazara a ƙasar Hausa ita ce lokacin tsananin zafi wanda ke gabatar faɗuwar ruwa. Amma abin da ake fassarawa da bazara idan ana zancen Turai shi ne watannin Yuni da Yuli da Agusta, waɗanda suka yi daidai da tsakiyar damina a nan. A can, wannan shi ne lokacin da sanyi ya kau, hanyoyi suka bushe, rana kuma ta daɗe ba ta faɗi ba. A birnin Landan, alal misali, yinin ranar 21 ga Yuni yakan wuce awa 16, alhali kuwa a ƙarshen Disamba bai cika awa 8 ba. A Kano bambancin da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba, saboda haka da wuya wanda bai taɓa zama can ba ya gane irin ɗokin da suke yi wa waɗannan watanni. Mai zane da haske yake aiki. Wanda ya yi wata biyar yana kallon hazo da duhu ta taga, in rana ta buɗe ba zai zauna ɗaki ba.

Bugu da ƙari, kayan aikin kansu sun sauƙaƙa a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19. A da can mai zane shi ke niƙa launinsa da kansa a ɗakin aiki. A shekarar 1781 aka ba William Reeves na Landan lambar yabo saboda ya dunƙule fentin ruwa ƙanana-ƙanana kamar sabulu, wanda ake gogawa da jiƙaƙƙen buroshi. A 1841 kuma wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙago kwanson ƙarfe mai taushi wanda ake matsa fenti ya fito, irin wanda ake zuba man goge baki a yau. Daga nan ɗakin aiki ya shiga aljihu, fita daji da littafi da akwatin fenti ta zama abin da kowa zai iya.

Turner: tari da bazara, aiki da hunturu

Babu wanda ya nuna amfanin wannan tsari kamar J. M. W. Turner, gwanin zanen Ingila, wanda aka haifa a 1775 ya rasu a 1851. Tun yana saurayi ya raba shekararsa kashi-kashi kamar yadda manomi ke yi. Da bazara sai ya ɗauki littattafansa ya shiga ƙasa, wani lokaci a keken doki, wani lokaci a ƙafa, yana zana duwatsu da koguna da gadoji da kangayen tsofaffin gine-gine. Da hunturu sai ya kulle kansa a ɗakin aiki a Landan, ya buɗe littattafan nan yana fitar da manyan hotuna daga cikinsu, domin ya kai su wurin nunin shekara-shekara wanda ake buɗewa bayan sanyi ya wuce. Yaƙin da aka yi tsakanin Ingila da Faransa ya tsare shi a cikin ƙasarsu shekaru da yawa, in ban da 1802 da aka sami ɗan sulhu ya haye zuwa Faransa da Suwizalan. Bayan yaƙin ya ƙare ya tafi Italiya a watan Agusta na 1819.

Abin lura a cikin littattafan Turner shi ne rashin ƙawa. Yawancin shafukan layukan fensir ne da aka ja da gaggawa, wani shafin ma ya ƙunshi wurare biyar ko shida a jere, da 'yan kalmomi a gefe masu tuna masa launin sama ko na ruwa. A wasu shafukan akwai lissafin kuɗin da ya kashe, da sunayen garuruwan da zai bi, da baitocin da yake gwada tsarawa. Da ya rasu aka tarar da irin waɗannan littattafai kusan 300, waɗanda suka zama mallakar ƙasar Ingila, suna kuma ajiye a gidan hotuna na Tate a Landan. Da su ne masana suke bin sawun tafiye-tafiyensa gari bayan gari, ko da yake shi bai cika su domin masana ba.

Delacroix a Maroko

Misali na biyu ya fi kusa da abin da ake nufi da haɗa rubutu da zane a shafi guda. A watan Janairu na 1832 Eugène Delacroix, mai zanen Faransa, ya sauka Tanja a cikin tawagar da gwamnatinsu ta aika wa Sarkin Maroko, Maulaya Abdurrahman. Kusan shekara biyu ke nan da Faransa ta faɗa wa Aljeriya, saboda haka tawagar ta siyasa ce, shi kuwa ɗan rakiya ne kawai. Suka isa Miknasa a watan Maris, suka gana da Sarki, bai koma Faransa ba sai a watan Yuli bayan ya ratsa ta Aljas. Tafiyar duka wata shida ce, ta fara cikin sanyi ta ƙare cikin bazara.

A cikin wannan ɗan lokaci ya cika littattafai bakwai, huɗu daga ciki suka tsira, uku a gidan tarihi na Louvre a Faris, ɗaya a Chantilly. Duk wanda ya dubi shafukansu zai ga mutum ne mai tsoron kada abin da ke gabansa ya wuce kafin ya kama shi. Ga ƙofar gari an zana da fensir, ga mahayi da alkyabba, ga sirdi da linzami, rubutu kuma ya kutsa ta kowane saƙo yana faɗin launin riga, da yadda inuwa ta faɗi a bango, da abin da aka ci, da wanda aka gamu da shi a hanya. Da yamma, in an sauka, sai ya bi wasu zanen da fentin ruwa tun launin bai gushe daga zuciyarsa ba.

Delacroix bai sake taka Afirka ba. Duk da haka ya yi shekara talatin, har rasuwarsa a 1863, yana ɗibar abin zanawa daga waɗannan shafuka. Daga cikinsu hoton matan Aljas na 1834 ya fito, haka kuma hoton Sarkin Maroko a bisa doki a ƙofar Miknasa, na 1845. Gaskiya ne idon baƙo ne, wanda ya zo a inuwar masu mulkin mallaka, kuma masana sun yi ta nuna inda ya ga abin da yake so ya gani maimakon abin da ke akwai. Wannan kansa darasi ne ga masu sauraro: mutanen da ba su zana rayuwarsu da hannunsu ba, da zanen baƙo za a san su.

Shigowar almakashi da gam

Turner da Delacroix fensir da tawada da fenti suka haɗa. Liƙa takarda a cikin zane a matsayin fasaha sai a ƙarni na 20 ya sami gindin zama, kuma a ƙarshen wata bazara abin ya faru. A 1912 Georges Braque da abokinsa Pablo Picasso suka tafi wani ƙaramin gari mai suna Sorgues a kudancin Faransa domin su yi bazara a can. A farkon Satumba, Picasso ya ɗan koma Faris, Braque yana yawo a birnin Avignon sai ya hangi takardar ado ta liƙawa a bango a wani kanti, wadda aka buga mata zane kamar jikin katako. Ya saya, ya yanka ta gunduwa-gunduwa, ya liƙa a farar takarda, ya zana kwanon 'ya'yan itace da tambulan da gawayi a kanta. Da Picasso ya komo ya gani, shi ma ya kama yi da yankin jarida. Watanni kaɗan kafin wannan Picasso ya riga ya liƙa wani ƙyalle mai zanen saƙar kujera a cikin wani hotonsa, amma daga aikin Braque ne liƙa takarda ya zama hanya mai zaman kanta.

Wanda ya kai abin ƙarshe shi ne Kurt Schwitters na birnin Hanoba a Jamus. Daga wajen 1919 ya riƙa tsintar abin da mutane suka yar a titi, tikitin motar haya, takardar alewa, guntun ambulan, yana harhaɗa su su zama hoto. Ya gudu daga mulkin Nazi a 1937, ya rasu a Ingila a 1948, bai daina tsintar nan ba har ƙarshe. Abin da waɗannan mutane suka gadar wa mai kundi babba ne. Wanda hannunsa bai iya zana doki ba yana iya liƙa tikitin motar da ta kai shi garinsu, ya rubuta kwanan wata, ya shafa launin ƙasar da ya gani a hanya. Tikitin nan shaida ne, domin shi kansa ya yi tafiyar.

Kundi biyu na ƙarni na 20

Kada a ɗauka sai mai lafiya da kuɗin tafiya ke iya cika rumbu. Frida Kahlo ta ƙasar Meziko, wadda aka haifa a 1907, ta yi mummunan haɗarin mota a 1925 tana da shekara 18, ta kuma rayu cikin ciwo da yawan aikin asibiti. A shekaru goma na ƙarshen rayuwarta, daga wajen 1944 zuwa 1954, ta riƙe kundi mai shafi kusan 170. Ta yi aiki da tawada mai launi iri-iri da fensir mai launi da fentin ruwa. In tawada ta ɗiga ta ɓata shafi, ko ta huda ta fito ta baya, ba ta yaga shi, sai ta bi ɗigon ta mai da shi wata sura. Akwai wasiƙu zuwa ga mijinta Diego Rivera, akwai shafin da ta jera launuka tana faɗin abin da kowane ke tuna mata, akwai kuma zanen ƙafafu na 1953, shekarar da aka yanke mata ƙafar dama. Ta rasu a watan Yuli na 1954, ba a buga kundin ba sai a 1995. Ita ba ta da bazarar yawo, ɗakinta da jikinta su ne ƙasar da ta zaga.

Na biyu shi ne Dan Eldon, wanda aka haifa a Landan a 1970, iyayensa suka koma da shi Nairobi yana ɗan shekara bakwai. Tun yana makarantar sakandare ya fara liƙa hotunan da ya ɗauka a cikin manyan littattafai masu baƙin bango, yana bin su da fenti da tawada, yana ƙara yankin jarida da taswira da kuɗi da gashin tsuntsu, har littafin ya kumbura ya ƙi rufuwa. Hutun makaranta shi ne lokacin tarinsa. A bazarar 1990 shi da wasu ɗalibai 'yan'uwansa suka tara gudummawa, suka tuƙa mota daga Nairobi har Malawi domin su kai wa 'yan gudun hijirar Mozambik, tafiyar kuma ta shiga kundinsa. Daga baya ya zama mai ɗaukar hoto na kamfanin dillancin labarai na Reuters a Somaliya. Ranar 12 ga Yuli 1993, bayan jiragen yaƙin Amurka sun kai hari a wani gida a Mogadishu, jama'ar da suka fusata suka kashe shi tare da wasu 'yan jarida uku. Shekarunsa 22. Ya bar kundi 17, mahaifiyarsa ta zaɓi wasu shafuka aka buga a 1997. Da ya jira sai ya ƙware, ko sai ya sami natsuwar girma, da babu ko shafi ɗaya.

Kayan aiki da kiyaye su

Kayan wannan aiki ba su da tsada, amma akwai ilimi a cikin zaɓensu. Abin da ke riƙe launi a jikin takarda a cikin fentin ruwa shi ne ƙaro, wanda ake samu daga itacen dakwara. Ƙasar Sudan ta daɗe tana kan gaba wajen fitar da shi, sa'an nan Chadi da arewacin Nijeriya. Watau ƙaron da almajiri ke jiƙawa ya haɗa tawadar allo, shi ne dai ke cikin akwatin fentin Bature. Wanda ba shi da fentin kanti yana iya gwada gawayi da jar ƙasa da shuni da ruwan shayi, in ya sa musu ɗan ƙaro za su zauna.

Takarda mai kauri ta fi, domin sirirya takan lanƙwashe in ta sha ruwa. A bari shafi ya bushe sarai kafin a rufe littafi, musamman da damina, in ba haka ba shafuka su manne, fumfuna kuma ta kama su. Takardar jarida takan yi ja ta ruɓe da sauri saboda irin niƙaƙƙen itacen da aka yi ta da shi, haka kuma salatif yakan bushe ya faɗi ya bar tabo wanda ba ya fita. Masu gyaran tsofaffin littattafai a gidajen adana takardu da kunun sitaci suke liƙi, domin ba ya cin takarda. Rasit ɗin da injin kanti ke fitarwa kuwa rubutunsa yakan goge da zafi cikin 'yan watanni, saboda haka a kwafe abin da ke jikinsa da biro a gefe. Daga ƙarshe a ɗaga kundin daga ƙasa, a nisanta shi da bango mai danshi saboda gara. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa, shi ne a sa kwanan wata da sunan wuri a kowane shafi.

Amfaninsa ga ɗalibi da ma'aikaci

Ɗalibi yana da dogon hutu, ma'aikaci yana da hutun shekara. Sau da yawa akan dawo daga hutun nan, in aka tambayi mutum abin da ya gani, sai ya ce lafiya lau, iyakar labarin ke nan. Mai cewa ai wayar hannu ta ɗauke wannan nauyi yana da hujja, domin tana ɗaukar hoto ɗari a yini. Sai dai hoton waya ƙiftawar ido ne, mai ɗauka bai tsaya ya duba ba, kuma ranar da wayar ta ɓace ko ta lalace sau da yawa da hotunan take tafiya. Wanda ya zauna minti ashirin yana zana ƙofar zauren gidansu dole ya ƙirga azarar da ke sama, ya lura da inda daɓe ya fashe, ya ga ta wace fuska hasken la'asar ke shigowa. Wannan horon ido shi ne ainihin ribar, kuma ɗalibin likitanci da na aikin gona da na fasalin gine-gine duk suna bukatarsa, haka ma jami'in da ake aikawa rangadi ya rubuto rahoto.

Akwai kuma riba ta tarihi. Farashin mudun gero a wata kasuwa ran kaza, da kuɗin mota daga wannan gari zuwa wancan, da fasalin rumbun da aka daina ginawa, ba safai suke shiga fayil ɗin hukuma ba, amma su ne abin da jikoki da masu bincike za su nema su rasa.

Abubuwa biyu ke bukatar hattara. Na farko, malamai sun yi magana a kan zana surar abu mai rai, kuma wanda ya ga ya kauce wa wannan bai rasa fili ba, domin ga gine-gine, ga itatuwa da ganyaye, ga taswirar unguwa, ga zayyana irin ta bangon soro da ta wuyan riga, ga kuma kyakkyawan rubutu na ajami ko na boko. Na biyu, ma'aikaci ya tuna takardar ofis amana ce, ba ta shiga kundin kowa, haka nan sirrin wani ba abin liƙawa ba ne.

Kammalawa

An ga yadda Turner ya yi ta tari da bazara yana ci da hunturu, da yadda wata shida suka ciyar da Delacroix shekara talatin, da yadda yawon Braque a Avignon ya shigar da almakashi da gam cikin sana'ar zane. An kuma ga Kahlo a kan gadon jinya da Eldon a kan hanya, kowannensu ya cika shafin ranarsa bai jira wata rana mafi dacewa ba. Shafukansu da yawa ba su da kyan gani, kuma ba su yage su ba. Hausawa sun ce yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya. Abin da ake bukata ga mai son farawa a hutun da ke tafe shi ne littafi ɗaya da fensir da ɗan gam, da kashin awa guda a kowace rana, ya rubuta kwanan wata a saman shafi, sa'an nan ya dubi abin da ke gabansa.